Ruwan kwakwa mai ɗanɗanon mangwaro da abarba: ya fi bisap da kunun aya amfani ne?

Maman Nafisa, Sabon Gari:

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana. Ina sayar da kayan sanyi a gida, wato bisap (ruwan zoɓorodo) da kunun aya da ruwan tsamiya waɗanda nake haɗawa da hannuna, tare da lemun kwalba da nake sarowa. Tun da bazara ta kama, wasu daga cikin masu saye, musamman ma'aikata da ɗaliban jami'a, suke tambayata ko ina da ruwan kwakwa na kwali, suna cewa ya fi komai kashe ƙishirwa da mayar wa jiki ƙarfinsa bayan an sha rana. Saboda haka na roƙi ƙanin maigidana da ke zuwa Kano ya taho mini da iri-iri, domin in ɗanɗana da kaina kafin in zuba jarina a cikin abin da ban sani ba.

Wanda aka rubuta cewa zalla ne, ba a haɗa shi da komai ba, na ji shi lami-lami, da ɗan zaƙi kaɗan da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe, kuma yana da wani ƙamshi irin na abin da aka ɗora a wuta, wanda bai yi mini daɗi ba sai da ya yi sanyi ƙarara. Mai abarba ya fi kwanta mini, domin tsamin abarbar ya rufe wancan ƙamshin kuma bai yi nauyi a maƙogwaro ba. Mai mangwaro yana da kauri da zaƙi sosai, har ɗanɗanon kwakwar ya ɓace a cikinsa, kuma bayan na sha shi ba da daɗewa ba ƙishirwa ta dawo mini. Akwai kuma na gwangwani mai gutsattsarin naman kwakwa a ciki, wanda yara suka fi so, amma ni na ji zaƙinsa bai da wani bambanci da na lemun kwalba.

Abin da nake so masu sani su fayyace mini shi ne, shin wannan ɗanɗanon da na ji shi ne ainihin na ruwan kwakwa, ko kuwa hanya da zafi sun canza shi? Kuma da gaske ne ya fi abubuwan shanmu na gida amfani ga jiki, har ya cancanci kuɗin da ake sayar da shi, alhali kuɗin ƙaramin kwali guda zai sayi ƙullin bisap masu yawa? Sannan uwar mijina tana fama da hawan jini, tana shan magani kullum, kuma wani ya ce mata ta riƙa buɗa baki da ruwan kwakwa idan tana azumin Litinin da Alhamis. Ban so in ba ta abin da zai cutar da ita da sunan gata.

Alhaji na Zengo:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na daɗe ina fatauci tsakanin Damagaram da Kwatano da Legas, kuma a can bakin teku na san ruwan kwakwa, inda mai sayarwa zai sare kan ɗanyar kwakwa da adda a gabanki ya miƙo miki ki sha daga cikinta. Wannan ruwan garai yake, yana da sanyi a baki ko da bai shiga firigo ba, zaƙinsa ba ya gundura, kuma yana da ɗan garɗi mai sauƙi wanda ban taɓa samun irinsa a cikin kwali ba. Ana tsinko irin wannan kwakwar tana da wata 6 zuwa 7, lokacin da bayanta kore ne kuma namanta bai yi tauri ba. Wadda muke gani a Kasuwar Dole ana yankawa a faranti tsohuwa ce, ta kusa shekara a kan bishiya, yawancin ruwanta ya riga ya koma nama, shi ya sa ɗan abin da ya rage a cikinta ba ya da yawa kuma ɗanɗanonsa daban ne. Kada kuma a haɗa ruwan kwakwa da madarar kwakwa, wadda ake samu idan an goge naman an matse shi, domin ita fara ce mai maiƙo.

Ƙamshin dahuwar da kika ji gaskiya ne, ba harshenki ba ne. Yawancin na kwali da na gwangwani daga Tailan da Indonesiya da Filifin da Biyetnam da Barazil ake kawo su, kuma domin su yi watanni ba su lalace ba, ana gasa ruwan da zafi mai tsanani na ƴan daƙiƙoƙi kafin a rufe shi. Wasu kamfanonin ma suna ƙafe ruwan har ya yi kauri saboda sauƙin dako, daga baya su sake tsinka shi da ruwa, kuma irin wannan shi ne ya fi rasa ɗanɗanonsa na asali. Ki ƙara da tafiyar jirgin ruwa, da zaman tashar jirage, da kwanakin da kaya ke yi cikin mota a zafin da ya haura digiri 40, hanya kuma ta ƙara tsawo tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. A ganina, babban dalilin da ya sa ake zuba mangwaro da abarba a ciki shi ne a ɓoye abin da wuta da hanya suka yi wa ruwan.

Ta fuskar daɗin baki na yarda da ke cewa mai abarba ya fi sauran haɗe-haɗen, domin abarba da kwakwa suna tafiya tare, ɗaya ba ta danne ɗaya. Mai mangwaro ni ban ɗauke shi ruwan kwakwa ba, ruwan mangwaro ne da aka tsinka. Idan zalla kike so ya yi daɗi, ki sanyaya shi sosai ki matsa rabin lemun tsami a ciki, za ki ji ya farfaɗo.

Ta fuskar kasuwa kuwa ina ba ki shawara ki taka a hankali. Kaya ne masu tsada waɗanda masu sayensu ƙalilan ne, kuma da zarar an buɗe kwali sai a shanye shi cikin yini ɗaya ko biyu yana cikin sanyi, ga shi kin san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa a wannan lokacin. Idan za ki saro, ki duba ranar ƙarewar wa'adi, kuma duk kwalin da ya kumbura ko gwangwanin da ya lotsa ko ya yi tsatsa ki bar wa mai shi.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Karkada:

Maman Nafisa, na ji daɗi da kika yi tambaya kafin ki ba Hajiya, domin batunta shi ne mafi muhimmanci a cikin duk abin da kika kawo. Ruwan kwakwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, kuma abin da ya yi fice da shi shi ne sinadarin fotasiyom, wanda yakan kai miligiram 200 zuwa 250 a cikin kowane mililita 100. Ke nan ƙaramin kwali mai mililita 330 zai iya ɗauke da miligiram 660 zuwa 825, fiye da abin da ke cikin ayaba guda matsakaiciya. Ga mai lafiya wannan alheri ne, ƙodarsa za ta fitar da abin da ya yi yawa. Amma ga wanda ƙodarsa ta raunana, abin da ke yawan faruwa ga dattawan da suka daɗe da hawan jini ko ciwon sukari ba tare da sun sani ba, fotasiyom yana taruwa a jini har ya rikita bugun zuciya. Haka kuma wasu magungunan hawan jini da ake yawan rubutawa a nan, irin su kaftofiril da enalafiril da losartan da sifironolakton, suna riƙe fotasiyom a jiki. Don haka ki ɗauki kwalin maganin Hajiya ki nuna wa likitan da ke duba ta, ki tambaye shi ko an auna ƙodarta kwanan nan, kafin ta mayar da ruwan kwakwa abin buɗa bakinta na kullum. Kuma ko ya amince, kada ta rage maganinta ko ta daina saboda tana shan sa.

Batun sukari kuma, harshenki bai yaudare ki ba game da na gwangwanin. Ruwan kwakwa zalla yana da sukarinsa na halitta, kimanin giram 3 zuwa 5 a cikin mililita 100, wato bai kai rabin na lemun kwalba baƙi ba, wanda ke da giram 10.6, har gwangwani guda mai mililita 330 yake ɗauke da giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Da zarar an zuba niƙaƙƙen mangwaro ko an ƙara sukari, sai adadin ya hau, wani lokaci ya matso kusa da na lemun kwalbar da mutum ke gudu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki juya bayan kwalin ki nemi layin sukari, wanda ake rubutawa "sucres" idan da Faransanci ne, ki lissafa yawansa a cikin kwalin gaba ɗaya, sannan ki raba da 4, abin da ya fito shi ne adadin ƙananan cokula. Ki kuma karanta jerin kayan haɗin, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma idan kika ga ruwa da sukari sun zo a sahun gaba, to hoton kwakwar da ke gaban kwalin talla ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da na zuma da na ruwan ƴaƴan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato kimanin giram 50 ko cokali 12 ga babban mutum, kuma idan an tsaya a rabin haka ya fi.

Akwai wani abu da ke damuna ƙwarai, shi ya sa zan faɗa ko da ba ki tambaya ba. Na fara jin iyaye mata suna cewa ruwan kwakwa yana maye gurbin ruwan gishiri da sukari idan yaro na zawo. Ba ya mayewa. Abin da zawo ke kwashewa daga jiki da yawa shi ne gishiri, kuma ruwan kwakwa gishirinsa kaɗan ne, fotasiyom ɗinsa ne mai yawa. Garin SRO, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti, an auna shi daidai, giram 2.6 na gishiri da giram 13.5 na gulukos a cikin lita guda tare da sauran sinadarai, kuma ana haɗa shi da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Yana da araha ƙwarai idan aka kwatanta da kwali guda na ruwan kwakwa. Idan wata uwa ta zo saye a wurinki saboda ɗanta ba shi da lafiya, don Allah ki tura ta asibiti.

Su kuma ɗaliban da ke neman ƙarfin jiki, ruwan kwakwa zalla ya fi musu lemun ƙara kuzari nesa ba kusa ba, domin waɗancan sukari ne da kafeyin, kimanin miligiram 80 a ƙaramin gwangwani mai mililita 250, wanda ke hana barci da sa faɗuwar gaba idan aka yawaita. Amma ga wanda kawai ya sha rana ya dawo gida, ruwa mai tsabta da abinci mai ɗan gishiri sun wadatar.

Baba Mushe, Garin Malam:

Ƴata, Allah ya yi wa sana'arki albarka. Jikana ya taɓa kawo mini irin waɗannan kwalayen daga Yamai, na ɗanɗana su tare da uwargidana, wadda ta fi ni sanin kan abin sha. Ba na kushe su, mai abarban yana da daɗi, amma idan aka jera shi da bisap ɗin da aka dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, aka jefa ganyen na'ana'a, ni bisap zan ɗauka. Bisap yana da tsami da ɗan bauri da yajin citta da ke biyo baya, kowanne yana zuwa a lokacinsa, shi kuwa na kwali ɗanɗanonsa guda ne daga kurɓin farko har na ƙarshe.

Kuma ba daɗin baki kaɗai ba ne. A 2010 masu bincike a jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi wa mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa, inda wasu suka riƙa shan kofi 3 na shayin zoɓorodo kullum har mako 6, sai awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7, alhali na waɗanda aka ba abin sha na kwaikwayo bai sauka da fiye da maki ɗaya da ɗoriya ba. Garin ƴaƴan kuka da muke damawa da nono yana da bitamin C mai yawa, kuma tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a ƙasashenta, inda yanzu ake zuba shi a kwalabe a kira shi abin sha na lafiya. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi har Sifaniya ake kai ta, domin mutanen Balensiya suna yin wani farin abin sha da aya wanda bai da nisa da kununmu. Wannan duka a ƙofar gidanmu yake, da tsamiya da goruba da dabinon Gidimuni da kayan lambun Mirya.

Sai dai dole in faɗi inda namu ke da rauni, domin Malama Hadiza ta yi maganar sukarin kwali, amma na gida sau da yawa ya fi shi. Wancan shayin da aka yi gwajin da shi ba irin bisap ɗin da ake ƙullawa a leda ba ne, wanda ake antaya wa sukari ba awo, a ƙara garin kala da na ƙamshi na sashe, har tsamin zoɓorodon ya ɓace. Na kwali ko ba komai an rubuta abin da ke cikinsa, namu kuwa mai saye bai san ko cokali nawa ya sha ba. Akwai kuma batun ruwan da aka yi amfani da shi, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa, da ƙanƙarar da ba a san inda aka daskarar da ita ba, da robobin da ake tsintowa a sake cikawa. Kunun aya ma ya fi kowanne saurin lalacewa, idan kuran ya ɗauke da rana kafin la'asar ya fara tsami yana kumfa.

Shi ya sa nake ganin waɗannan ma'aikatan da ke tambayarki ruwan kwakwa ba kwakwar ce ta dame su ba, abin sha suke nema wanda za su amince da tsabtarsa kuma ba zai cika su da zaƙi ba. Da za ki ware wani kaso na bisap ɗinki ki yi shi da tafasasshen ruwa, ki auna sukarinsa da cokali ki rage shi zuwa rabi, ki zuba a sababbin robobi ki faɗa wa mai saye abin da ke ciki, ina kyautata zaton da yawansu za su koma kansa. Kunun aya kuma dabino kaɗai ya isa ya zaƙaƙa shi.

Maman Nafisa, Sabon Gari:

Na gode Alhaji, na gode Malama, Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Zan kai kwalin maganin Hajiya wurin likitanta kafin ta sha ko kurɓi ɗaya. Zan kuma saro zalla da mai abarba kaɗan saboda masu tambaya, in bar na gwangwanin, sannan in gwada bisap mai ƙarancin sukari kamar yadda Baba ya ce. Malama, saura tambaya guda: idan na yi kunun aya da dabino ba tare da sukari ba, zan iya ce wa masu ciwon sukari ya dace da su? Kuma shi bisap ɗin, Hajiya za ta iya sha tare da maganinta?

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Karkada:

A'a, kada ki ce musu haka, Maman Nafisa. Busasshen dabino fiye da kashi 60 cikin 100 na nauyinsa sukari ne, kuma idan aka niƙa shi aka tace, an zubar da yawancin dusar da ke rage saurin shigarsa jini, ita ma ayar tana da nata zaƙin da sitaci. Abin da za ki iya faɗa da gaskiya shi ne ba ki zuba farin sukari ba, kuma ga yawan dabinon da kika sa a kowace lita, mai ciwon ya yi lissafinsa da likitansa, ya sha ƙaramin kofi tare da abinci maimakon roba guda a kan yunwa. Bisap kuwa, kofi guda marar zaƙi sosai a lokacin buɗa baki ba abin tsoro ba ne ga yawancin masu hawan jini, amma tunda shi ma yana ɗan saukar da jini, idan Hajiya za ta riƙa shan sa kullum ki ambata wa likitan a zuwan da za ki yi, kuma a riƙa auna jininta a makonnin farko, musamman idan ta ce tana jin jiri lokacin da ta miƙe tsaye.